Taron Sunan Ɗiyata Kuka Ɗauka Hoto

Zuwa ga Mai Girma Shugaban jam'iyyar da ke shelar cewa Arewa ta koma hannunta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ranka ya daɗe, ni ce matar malamin lakwal ɗin nan, wato makarantar boko, na Kore Mairuwa da aka ɗauke bayan girbin hatsi. Na ga hoton da jaridarku ta buga, an rubuta a ƙasansa wai dubi yadda talakawa suka juyo gare ku. Ƙofar gidanmu ce.

Na ɗaya. Ran nan sunan ɗiyata ta fari ake yi. Motarku ta tsaya don ta ji ganga. Surukina ya shimfiɗa wa mutanenku tabarma, aka kawo musu fura, domin a ƙasar nan ba a tambayar baƙon suna wa ya gayyace shi. Da suka ƙoshi, ɗayansu ya hau turmi ya yi jawabi, wani ya ɗauki hoto. Matan da kuka ga suna guɗa, wa jaririya suke yi.

Na biyu. Da hoton ya isa hannun masu mulki, aka ce ma'aikacin gwamnati ya tara wa jam'iyya jama'a a gidansa. Aka tura Malam can gabas, garin da ko a taswirar ajinsa sai an duba da kyau. Ba wanda ya zo daga wurinku ya ce assha. Mutumin da bai taɓa yankar katinku ba, shi ya biya muku kuɗin taro.

Na uku, kan juyowar da kuke faɗi. Ran kasuwar da ta biyo, abokan hamayyarku sun zo da nasu makaɗan, kuma waɗannan matan ne dai suka cika filin, har da gwaggona ta Lugu da ba ta san sunan ko ɗayanku ba. Wataƙila mutane na son ku, wataƙila ba sa so. Ban sani ba, ku ma ba ku sani ba. Kun ƙirga kawunan masu cin tuwon suna ne.

Ni mai karatun ƴan littattafan hikaya ce. Malam ke sayo mini su in ya ƙetara Birnin Kabi. A cikinsu, in aka raba mace da mijinta da sharri, kafin shafin ƙarshe wani mai gaskiya yakan miƙe a fada ya yi magana. Na daɗe ina zaton ku ne za ku miƙe. In na ji ƙarar mota nakan gyara ɗankwali. Yanzu ɗiyar ta fara rarrafe, na daina.

Roƙona biyu ne. Ku buga a shafin da kuka buga ƙaryar cewa taron suna ne, ko Allah zai sa a dawo mini da mijina. Sannan ku aiko mini da ainihin hoton. Malam yana can gefe, rabin fuskarsa kaɗai ta fito, amma ba mu da wani. Na yanke na jaridar na adana, sai dai duk ran da zan nuna wa yarinyar ubanta, sai na sa yatsa na rufe rubutunku.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka taron da naka ne na gaskiya, ya kuma tsare iyalinka daga baƙi irin naka.

Wassalam.

Rabi, Kore Mairuwa