Murabus Daga Hawan Bene

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina sanar da ke a hukumance cewa na yi murabus daga hawan benen gidana. Littattafaina duk sun sauko falo. Matattakalar ce ta ƙara tsawo, ni kam ƙalau nake. Ki gaida ɓerayen ɗakin gwajinku.

Yayanki.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Bar zancen matattakala, matarka Anti ta turo min hoton huhunka. Ciwon daji ne, kuma ka sani. Asibitinmu na gwajin wani sabon magani. Ƙwayoyin cutar suna da wasu kunnuwa birjik masu karɓar umarnin girma. Maganin yana toshe saƙon ƙwayar gadon da ke ƙera kunnuwan, sai umarnin ya rasa mai jinsa. Ban ce tabbas ba ne, amma irin ciwonka ya dace. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka.

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta duk takardun da kika aiko, har da ƙananan rubutun ƙasa. Madalla, ɓeraye sun samu sauƙi, Allah ya ƙara musu lafiya. Ni dai ba ni da bindi. Kuma na lura kwana asibiti ake yi akai-akai. Wa zan bar wa Antinki? Matar da ko ƙadangare ta gani sai ta kira ni? Na fi so in ƙarasa abin da ya rage a kujerata, inda za ta riƙa ganina hankalinta kwance.

Yayanki mai taurin kai.

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Wa kake zaton ya sauko da littattafan nan? Ita kaɗai, da bayanta mai ciwo, don kada maƙwabta su gane. Ta ce min kullum tana zama a tsakiyar benen ta ƙirga tarinka. Wannan ne hankalin kwancen? Jakarka ma ta riga ta haɗa, tana bayan firji.

Ƙanwarka.

Auta,

Salam. Na duba bayan firji. Har da safar da nake cewa ta ɓata.

Tun da na je na fara karɓar maganin naku, likita ya ce ƙarin da ke huhuna bai ƙaru ba, bai kuma tafi ba. Jiya na mayar da littafi ɗaya sama, na huta a hanya, Antinki na biye da ni tana faɗa.

Ni ne ban yi daidai ba. Kada ki gaya wa ɓerayen.

Yayanki.