Injin Sadiku da Kofunan Biki

Yaya Binta,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya Malam da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Kambarawa lafiya lau.

Ɗanki Sadiku ya ga jarrabawa. Injin buga hoto a kofi da ya saya da araha, ashe tawadarsa ce da tsada. Sai ya zuba mashi ta bakin kasuwa, fuskar amarya ta fito koriya shar a kofunan bikin mutane. Ko abinci ya kasa ci.

Yanzu zai sake inji, amma sai ya ji kuɗin tawada, ya tabbatar akwai mai gyara a Katsina.

Ki gaida kowa, ki sa shi a addu'a. Don Allah kada ki yi mashi faɗa, uwar amarya ta yi nata ta haɗa da naki.

Ƙanwarki,
Hadiza