Rauta Mai Kaiwa Ɗakin Innarki

Zaituna ɗiyata,

Na tahi Jega bayan asuba, ban so in tashe ki ba. Na ɗauki kwamfutarki, kar ki neme ta.

Jiya kin ga abin da ya faru. Mun ɗauko Innarki har zaure tana nishi, don ta ga yayanki Waliyyu da ke Sudan, sai hoton ya tsaya cik, ba ta ko ji muryarshi ba. Wannan ƙaramar rauta, na'urar intanet da ke zaure, ba ta iya ƙetare katangar ƙasa.

Wani mai shago a Jega ya ce akwai rauta mai ƙaho huɗu da ke kai nisa, amma sai ya duba wane irin kati ne cikin kwamfutar, don tsohon kati ba kowace rauta yake kamawa ba. Ban yarda da bakin ɗan kasuwa ba. Sai an gwada min ita bayan katanga biyu.

Don Allah kar a sake ɗaga Innarki, ko da ta roƙa. Jikin ba ya ɗauka yanzu.

In ta farka ta tambaye ni, ki ce na tahi in kawo mata Waliyyu har bakin gado. Ta jira ni.

Babanki