Fitilar Maƙwabci Ce, Ba Tauraron Ba

Anti Hansatu, don Allah ki taimake ni kafin Asabar, kwana huɗu ke nan abinci ba ya shiga.

Ma'aikaciya ce ni a wata ma'aikatar tarayya, ina zaune a Apo. Abin da nake so a rayuwa shi ne kallon taurari. Ba duba ba, Anti, na gaji da yi wa dangi wannan bayanin. Baba Thaddeus, tsohon malamin fiziks da ya yi ritaya, shi ya ara min na'urar da ke baza hasken tauraro kamar bakan gizo. A cikin launukan akwai baƙaƙen layuka, su ke nuna yawan ƙarfen da ke jikinsa.

Wata uku ina auna wani tauraro na kusa da mu. Layin sinadarin sodiyam ya fito a dushe, alamar ƙarfensa kaɗan ne ƙwarai, kuma irin wannan ba a cika samunsa ba. Baba Thaddeus har da hawaye. Ya sa hannu a sakamakon, ya kira tsofaffin ɗalibansa, ya sa aka ba ni fili a taron ƙungiyarmu ta masu kallon taurari ranar Asabar a Wuse.

Ranar Litinin aka ɗauke wuta a unguwarmu, na sake aunawa don nishaɗi kawai. Layin ya fito baƙi ƙirin. Tauraron ba shi da wani abin mamaki! Ashe fitilar tsaron maƙwabcina, mai ruwan ɗorawar nan, da sodiyam take aiki, haskenta ne ke cike layin. Ya kamata in cire hasken gari daga awona, ban yi ba, saboda zumuɗi.

Babu wanda ya sani sai ni. Zuciyata na ce min in yi shiru, in ce ba ni da lafiya, maganar ta mutu da kanta. Wallahi tsoro nake ji. Dattijon nan 'yarsa yake kirana. Da wane ido zan kalle shi?

Mai Kallon Sama, Apo

Ƙanwata, fara cin abinci tukuna.

Tsoronki ba na banza ba ne. Za a ji kunya, shi ma Baba zai ji ba daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Amma har zuwa Litinin kuskure kika yi. Daga Litinin zuwa yau kuwa kin sani, shirun da za ki yi yanzu ƙarya ce. Ciwon ƙaryar ma ba zai cece ki ba, don sakamakon yana hannun mutane, kuma sa hannunsa ne a kai. Wani zai auna daga inda babu fitila.

Kada ki tura saƙo. Ki je gidansa yau da awon nan biyu, ki ajiye masa, ki faɗa da bakinki. Malamin fiziks ne, ya ga kuskuren awo tun ba a haife ki ba. Sannan ki je taron ki nuna abin da ya faru, duk mai aune-aune a garin nan yana buƙatar jin haka.

Zai iya yafe miki kuskure. Abin da zai yi masa wuyar yafewa shi ne ya tsaya gaban ɗalibansa yana kare ki, alhali kin san gaskiya.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya tasa.

Anti Hansatu