Wa Zai Yi Maka Tofi a Hannu?

Daren Laraba, 9 ga Sha'aban, Kontagora

Takardun makarantu biyu ne gabana, na rasa wadda zan amsa. Ta Ikko, malamin asibiti kawai zan fito. Ta Amurka kuwa gyaran ƙashin baya da hannu suke koyarwa, har a kira mutum Dakta, amma Likita Bature na asibitin garinmu ya ce gwamnatinmu ba ta san da takardar shaidarsu ba.

Na kai wa Baba maganar yana cikin sana'arsa ta ɗori, yana ɗora karyayyiyar ƙafar wani Bakambare. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Wa zai yi maka tofi a hannu can?"

Na fice cikin haushi. Da na dawo, na tarar yatsunsa na rawa, ya kasa ƙulla igiyar karan ɗorin. Ban taɓa lura ba. Ni na ƙulla masa.