Gurasa Uku a Gaban Safiya

Alhamis da dare, watan Nuwamba

Yau Safiya ta ci abinci sosai, alhamdulillahi. Makonta uku da zuwa karatu nan Masar daga Katsina, kullum maganarta a mayar da ita gida, darasin Larabcin da nake yi wa sababbin ɗalibai ma ta daina zuwa.

Bayan la'asar Zalina, abokiyar karatuna daga duwatsun Kafkas, ta kawo mana gurasa uku masu cuku a ciki. Ta ce kakanninta su ne Alan, makiyaya mahaya dawaki da suka watsu har Andalus, wasu kuma aka kawo su nan Masar bayi, suka zama sojoji. Na yi zumuɗi zan fara dogon bayanin tarihi, ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, gurasar za ta huce."

A al'adarsu babba ke yin addu'a, sannan mafi ƙanƙanta ya fara gutsura. Duk muka juya ga Safiya.

Ta ce, "Anti, ni zan riga ki sa hannu? A gidanmu ai sai in sha ranƙwashi."

Na ce, "Yau dokar Alan ake bi."

Ta gutsura tana rufe fuska, ta ƙara. Can na ji ta tana harhaɗa Larabci, tana tambayar Zalina ko ita ma ta yi kuka da ta zo. Zalina ta ce wata biyu cur.

Ban sani ba ko Safiya za ta zauna. Amma da za ta kwanta ta leƙo ta tambaye ni ƙarfe nawa ne darasin Asabar.