Sabulun da Umma Ta Jibge a Bakin Titi

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar tuƙi, ina gaida matarka da nauyin jiki. Wayarka kullum a kashe take, shi ya sa na ɗauki biro.

Sabulun jarirai da ka sauke mini a shago watan jiya, na kwashe shi kaf na jibge a bakin titi. Matar tela ta saya a hannuna ta yi wa 'yarta wanka. Kafin ta gama tsane mata jiki fatar yarinyar ta yi jajir, zuwa yamma ta tashi kamar an watsa mata ruwan zafi. Ni na raka su asibiti. A can muka tarar da wasu uwaye, kowace da sabulunku a leda. Matar tela kallona kawai ta yi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na kira lambar da ke jikin kwalin, wata mai zaƙin murya ta ce wai jabu na sayo. Jabu! Kai da motar kamfaninku ne jabun?

Ka gaya wa manyanku ina jiran amsa. Allah ya yi maka albarka.

Ummanka

*

Zuwa ga Umma,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ina durƙusawa ina gaishe ki, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Umma, wani ya ɗauki hotonki kina tsaye kan kwalayen, riƙe da kwali an rubuta "Wannan sabulu yana ƙona yara". Hoton ya zaga ko'ina. Jiya manaja ya kira ni ofis, ya juyo mini wayarsa ya ce, "Wannan ba gyatumarka ba ce?" Na rasa inda zan sa kaina.

Ya ce za su turo a kwashe kayan a musanya miki da wasu. Don Allah ki cire rubutun nan. Ban ce kin yi ƙarya ba, amma ni direba ne, abin da aka loda mini shi nake kaiwa. Kin san haihuwa ta matso, kuma aiki yanzu ba a tsintarsa a hanya.

Ki yafe mini idan na faɗi ba daidai ba.

Ɗanki, Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwarka. Ƙafa da sauƙi, zuciya ce dai.

Mutanenku sun zo, su biyu, sai ƙamshin turare suke. Sun kawo mini katan ɗin lemo da wata ƙatuwar lema mai sunan kamfani. Ƙaramin ya saita waya ya ce, "Mama, ki ce kawai a kasuwa kika sayo, shi ke nan magana ta wuce." Na ce, "Ɗana, uwarka ta san irin aikin da kake yi?" Babban ya ce za su iya kai ni kotu. Na ce madalla, na daɗe ina son mu haɗu da su a gaban alƙali, zan zo da yaran. Lemar kuwa na ce su tafi da abarsu, su za ta yi wa amfani.

Yanzu ba ni kaɗai ba ce. Mai kantin magani ya sauke duk wani kaya naku daga kanta, har man shafawa. Mai aski ya liƙa takardar gargaɗi a jikin madubinsa. Matan layi sun bi shago shago, ko'ina sai an fito da sabulun.

Ka ce haihuwa ta matso. To na tambaye ka: ran da aka miƙo maka jaririn, da wane sabulu za ka ce a yi masa wanka?

Rubutun yana nan inda yake. Ka gaida mai ɗakinka.

Ummanka

*

Umma,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi, a ƙofar kamfani.

Kayan da shaguna suka dawo da su, na ɗauka ƙona su za a yi. Shekaranjiya na shiga sito neman mai lodi, sai na ga mata zaune a ƙasa suna ɓare takardar sabulun suna naɗa masa sabuwa mai wani suna. Tafin hannunsu duk ya saɓule. Washegari da safe aka cika motata da shi, aka ce in nufi ƙauyuka, can inda asibiti yake da nisa.

Na koma ofis na ajiye makulli a kan tebur. Manaja ya ce, "Motar ta ubanka ce?" Na ce, "A'a ranka ya daɗe, taka ce. Bismillah, tuƙa."

Ina fitowa babban direbanmu, wanda ya koya mini aiki, ya tambaye ni abin da ya faru. Da na gaya masa sai ya gitta motarsa a bakin ƙofa, ya kashe, ya sauko ya zauna a ƙasa. Sauran direbobi suka zauna kusa da shi. Can sai ga matan sito sun fito suna nuna wa masu wucewa hannayensu. Mun kira hukumar lafiya, sun ce suna tafe, har yanzu dai shiru.

An ba ni takardar kora. An ce idan na shiga na ba da haƙuri na ja motar, za a yage ta. Matata ta yi kuka, sannan ta ce kada in kuskura in shiga. Ban san yadda za ta ƙare ba. Ki sa mu a addu'a.

Auta

*

Autana,

Allah ya yi maka albarka, ya yi wa matarka. Ka turo mini ita ta haihu a nan, na gyara ɗaki.

Kai kuma kada ka motsa daga ƙofar nan. Mu matan layi mun ɗauki hayar mota, gobe da safe muna tafe. Ka samo mini kujera, don zaman zai yi tsawo.

Ummanka